Muryar Baba a Waƙa ta Bakwai

Shafi na 23

Masu cika min waya da "ina ci gaba, ina ci gaba", ku sarara min haka nan, da yatsa nake rubutun ba da inji ba. Ke kuma baiwar Allahn da kika rantse in Yaya ya taɓa kwamfutar Auta kin daina karantawa, gyara zama. Ga shi nan ya iso.

*

Ko sallamar bai ƙarasa ba Yaya ya yaye labulen falo. Takalmi ma bai cire ba.

"Ina take?"

Umma na tsaye da kofin shayin Baba a hannu. Ta bi babban ɗan nata da kallo daga sama har ƙasa.

"Babba, yau kuma ba gaisuwa?"

"Ina kwana Umma. Ina kwana Baba. Ina Auta take?"

"Yauwa," in ji Baba daga kujerarsa ta bakin taga.

Kalmar da ta rage masa ke nan. Shekara biyu da ciwon shanyewar ɓarin jiki ya kayar da shi a shagonsa na kafinta, ya tafi da hannun dama da ƙafar dama, ya kwashe maganar bakinsa kaf, ya bar masa "yauwa". Da ita yake gaisuwa, da ita yake neman ruwa, da ita yake faɗa.

Auta ta ji komai daga ɗakinta. Tana durƙushe tana naɗe igiyar makirifo, sai ta ajiye ta a hankali. Da ma ta san wannan hantsin na nan tafe.

Kwana uku ke nan da ta saki waƙoƙinta tara a intanet, ta rubuta a ƙasa: kyauta ne, duk mai so ya sauke, ya tura wa wanda ya ga dama. Duk a ɗakin nan ta ɗauke su. Katifa jingine da bango, barguna biyu a taga, kwalayen ƙwai manne da ƙofar sif, makirifo sanye da tsohuwar safar Umma. In ta taso daga kantin maganin da take aiki, sai ta jira injin niƙan maƙwabta ya yi shiru, ta shige sif ta ja ƙofa ta rera, gumi na zuba mata har cikin ido.

Ta gyara ɗankwali ta fito.

"Ina kwana Yaya."

Wayarsa ya ɗaga mata har tana neman taɓa hancinta.

"Mene ne wannan?"

"Waƙa ce."

"Na san waƙa ce, ai ba kurma ba ne ni. Muryar wa ke ciki?"

"Tawa."

"Ta bakwai nake tambayarki!"

Ta ɗago ta dube shi ido cikin ido.

"Tawa da ta Baba."

"Tawa da ta Baba," ya maimaita yana kwaikwayon muryarta. "Umma kin ji ko? Ko kunya ba ta ji ba. Jiya ina zaune a ofis ina aikina, na ji an taru a teburin akawu ana ta kunna abu. Na leƙa in ce su rage ƙara. Me zan ji? Muryar ubana! Ubana da ko sunansa ba ya iya faɗa, yana jan harshe a wayar mutane kamar kaset ɗin da ya sha rana!"

"Babba," in ji Umma, "a gabansa kake fa."

Ya ɗan sassauta murya, amma bai dubi wajen taga ba.

"Na shiga shafin na karanta abin da ake rubutawa. Wani ɗan iska cewa ya yi wai a ba tsohon nan ruwa ya haɗiye abin da ke bakinsa kafin ya yi waƙa. Ubanmu ke nan, Auta. Mutumin da duk layin kafintoci ke miƙe masa in ya shigo."

"Sharhi nawa ka karanta, Yaya?"

"Wannan ɗin bai isa ba?"

"Sun haura dubu. Ka tsallake duka ka je ka tsinto na mahaukaci guda."

Ta zaro wayarta daga aljihun doguwar riga. Ta buɗe shafin sharhin.

"Saurara ka ji. Wannan ta ce: mahaifiyata irin ciwon nan gare ta, shekara uku ba ta yi magana ba. Jiya na gwada rera mata waƙar da take mana muna yara, wallahi ta kama min amshi. Wannan kuma direban babbar mota ne, ya ce sai da ya sauka gefen titi don ya kasa ganin hanya. Wannan likita ce, tana neman izini ta riƙa kunna wa majinyatanta. Wannan..."

"Ban zo jin wasiƙu ba. Goge ta."

"Ba zan goge ba."

Tun da aka haifi Auta ba ta taɓa ce wa Yaya "ba zan" ba. Shi ya goya ta zuwa makaranta, shi ya saya mata takalmin farko mai tsini, shi ya tsaya mata har ta gama karatun haɗa magunguna.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan goge ba. Ko na goge ma, mutum dubu goma sha ɗaya sun riga sun sauke. Tana cikin wayoyinsu. Zan bi su gida-gida ne in ce su dawo min da ita? Magana zarar bunu ce, Yaya."

Ya yi wata dariya wadda ba ta kai ciki ba.

"Da sayarwa ma kika yi sai in ce kwaɗayi ne ya ja ki. Amma kyauta! Kin ɗebi mutuncin gidanmu kin watsa kamar tsabar kaji. To tunda ke ba ki iya ba, ni na iya. Ina kwamfutar?"

Ya nufi ɗakinta. Kafin ya kai ta riga shi, ta tsaya a bakin ƙofa ta ware hannuwa biyu ta kama katakon.

"Matsa."

"Aikin shekara biyu ne a ciki."

"Auta, ki matsa kafin raina ya ɓaci."

"Ai ya riga ya ɓaci. Sai dai ka bi ta kaina."

Ƙwas! Ƙwas!

Duk suka waiwaya.

Baba ne. Ya dunƙule hannun hagu ya ƙwanƙwasa hannun kujerarsa, kujerar da shi ya ƙera ta da kansa tun Auta ba ta yi haƙori ba. Idonsa na kan Yaya.

Ƙwas! Ƙwas!

"Me yake so?" in ji Yaya. "Umma, ko banɗaki ne?"

Umma ta ajiye kofin a kan tebur.

"Cewa yake a'a."

"A'a kamar yaya?"

"Bugu ɗaya e, bugu biyu a'a."

Yaya ya dubi Umma, ya dubi Auta.

"Tun yaushe?"

"Wata takwas," in ji Auta. "Wata takwas muna hira da shi haka. Shi yake zaɓar rigar da zai sa. Shi ya ce a daina sa masa sukari da yawa. Shi ya ce ba ya son sabon mai gashin ƙashin nan, a dawo da tsohon. Da kana zama da ka sani."

"Ni kike gaya wa haka? Wa yake sayen magani a gidan nan? Wa yake kai shi asibiti?"

"Kai ne. Ban taɓa musu ba, kuma Allah ya saka maka. Amma yaushe rabon da ka zauna minti goma a gabansa? Daga bakin ƙofa kake gaisuwa, makullin mota a hannu. Kai ne kake jin kunyarsa, Yaya, ba mutanen intanet ba."

"Ke Auta!" Umma ta daka mata tsawa. "Yayanki ne."

Amma maganar ta riga ta shiga. Yaya ya ja baya ya jingina da bango kamar wanda ya sauke buhu.

Da ya yi magana, muryar ba irin wadda ya shigo da ita ba ce.

"Ba kunya ba ce."

Ya sunkuyar da kai.

"Wallahi ba kunya ba ce. Ba na iyawa ne. Mutumin da na gani da idona ya ɗauki ƙofar katako shi kaɗai ya hau bene da ita. Yanzu in zo in ce Baba an ƙara min girma a ofis, ya ce yauwa. In ce Baba jikarka ta kwana asibiti, ya ce yauwa. In koma mota in rasa ta inda zan sa makulli. Ni ban ma sani ba ko ya san wane ne ni."

Ni kaina mai rubutun nan sai da na ajiye waya na share ido. Masu zagin Yaya tun shafi na goma, kun ji dai.

Auta ta saki katakon ƙofar.

"Waƙar ta bakwai, ka ji ta har ƙarshe?"

"Ko minti ɗaya ban kai ba na kashe."

"To mu yi haka. Ka zauna ka ji ta har ƙarshe. In ta ƙare ka tambayi Baba da bakinka. In ya ce a goge, wallahi da hannuna zan goge, in haɗa da sauran takwas ɗin."

"Auta..." in ji Umma a tsorace.

"Na yarda, Umma. Muryarsa ce, shi ke da iko da ita."

Yaya ya cire takalmi. Ya rasa inda zai zauna, sai Umma ta turo masa 'yar ƙaramar kujerar katako da ke ƙarƙashin tebur, ta ajiye ta daidai gaban Baba. Ya zauna gwiwoyinsa har ƙirji, manaja guda da babbar riga.

Ya miƙa wa Auta wayarsa don ta kunna. Ta girgiza kai.

"Ba ta waya ba. Kada gobe ka ce na'ura ce ta gyara."

Ta shiga ɗaki ta fito da jitarta. Ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Baba tana ɗaure tsirkiya.

"Ka san yadda aka yi? Wata rana ina fama da wani kiɗa ya ƙi zama. Na maimaita ya fi sau ashirin. Sai na ji murya daga falo ta ɗauke shi ta juya shi wata hanya, da kalmomi tiryan-tiryan. Na zaci rediyo ce. Na fito na tarar Umma ta saki kwano a ƙasa tana salati."

"Kwano na mai murfi," in ji Umma. "Har yau a lotse yake."

"Likita ta ce ana samun haka. Wai hanyar magana daban, hanyar waƙa daban. Tasa ta magana ce ta toshe."

Ta kaɗa tsirkiya. Sau ɗaya, sau biyu. Ta rera layin farko ita kaɗai a hankali, sannan ta yi shiru ta bar kiɗan yana tafiya.

Baba ya lumshe ido. Yatsun hagunsa suka fara bin kiɗan a kan katako. Leɓensa da ya karkace ya motsa.

Sai muryar ta fito. Mai nauyi, mai kauri, tana ɗan jan ƙafa, amma kowace kalma a tsaye.

"Katako ba ya ƙarya,
inda ka auna nan zai tsaya.
Na yi wa kowa ƙofa a gari,
tawa na bar ta a buɗe."

Yaya ya kama gefen kujerar da hannu biyu.

Auta ta karɓi amshi, Baba ya sake ɗauka. Baiti na biyu, baiti na uku. Jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya tsattsafo a goshinsa, Umma ta matso da tawul ya kau da kai. Bai gama ba.

Da aka zo baitin ƙarshe Auta ta rage kiɗan har ya kusa ɓacewa. Baba ya buɗe ido. Ba taga ya kalla ba, ba Auta ba. Wanda ke zaune a gabansa ya kalla.

"Ɗan-guduma, riƙe min ƙusa,
kar ka ji tsoron bugu na.
Hannun dama ya tafi ya bar ni,
ashe tun tuni na haifi wani."

Ɗan-guduma.

Rabon da a kira shi da sunan nan tun yana ajin firamare, lokacin da yake bin Baba shago yana jan guduma da hannu biyu don ta fi ƙarfinsa. Matarsa ba ta san sunan ba. Auta ma ba a haife ta ba a lokacin.

Yaya ya zame daga kujerar ya durƙusa. Ya kifa goshi a kan gwiwar Baba, kafaɗunsa na girgiza. Babu sauti. Hula ta faɗi ta gangara ƙarƙashin tebur, ba wanda ya bi ta kanta.

Baba ya ɗora hannun hagu a kan ƙeyarsa.

"Yauwa," ya ce. "Yauwa."

An jima a haka. Auta ta rungume jitarta tana kallon silin don kada hawayen ya zubo, ya ƙi jin magana.

"Alƙawari dai alƙawari ne," in ji ta. "Tambaye shi."

Yaya ya ɗago ya share fuska da hannun riga.

"Baba... a goge waƙar?"

Ƙwas! Ƙwas!

"A bar ta?"

Ƙwas.

"Ka ji dai," in ji Umma. "Kotu ta tashi."

Dariya ta kufce wa Yaya cikin kuka. Ya koma kan 'yar kujerar yana jan hanci kamar yaron da aka yi wa allura.

"To amma Auta, don Allah me ya sa kyauta? Abu irin wannan ai masu sitidiyo rububinsa za su yi."

"Wani ya zo ai. Har falon nan, da turarensa mai hawa kai. Ya ce zai ɗauki duka taran, ya sa min makaɗa na gaske, ya yi min bidiyo. Sharaɗinsa ɗaya: a cire muryar tsoho a sa ta wani matashi mai tashe. Wai kasuwa ba ta son abin tausayi."

"Ya faɗi haka a gaban Baba?"

"A gabansa. Na ce masa ya sha ruwansa ya kama hanya. Bayan ya fita na tambayi Baba, in nemi wani mai sayen? Ya buga biyu. Na ce to in ajiye su a kwamfuta mu riƙa ji mu kaɗai? Ya buga biyu. Na rasa abin tambaya. Cikin wasa na ce to sai dai in raba wa duniya kyauta. Yaya, bugu ɗayan da ya yi sai da fatar yatsansa ta sale."

Ta kama hannun Baba ta nuna masa tabon.

"Har yau ban san dalili ba. Na dai bi."

Umma ta ja numfashi. Ta zo ta zauna a hannun doguwar kujera, abin da take hana kowa yi. Ta dubi mijinta.

"Malam, in faɗa musu?"

Baba ya ɗaga hannu a hankali:

Ƙwas.

"Waƙar nan da kuka ji," in ji Umma, "ban da baitin ƙarshe, ta girme ka, Babba."

Auta ta saki baki.

"Umma, ba a falon nan ya ƙirƙire ta ba?"

"A falon nan ya tuno ta. Ubanku mawaƙi ne kafin ya zama kafinta. Yana yaron shago ya ƙera jitarsa da guntayen katakon da maigidansa ya zubar. In ya zauna bakin shago da yamma yana kaɗawa, masu wucewa har mantawa suke da aiken da aka yi musu. Ni ma aike aka yi min."

"Umma!"

"To ƙarya zan yi? Man gyaɗa aka aike ni saye, na koma gida da kwalba babu komai."

Baba ya yi wani sauti a maƙogwaro. Dariya ce.

"Amma Umma," in ji Auta, "lokacin da na fara koyon jita, in na ɗauko ta tashi yake ya bar gidan. Na zaci haushin kiɗan yake ji. Shekara nawa ina ɓoye ta a bayan sif!"

"Ba haushi ba ne. Miki ne."

Umma ta gyara zama.

"Su biyu ne suke waƙar, shi da wani abokinsa. Ubanku ke tsarawa ya rera, abokin na amshi. Suka yi wata shida suna ɗaukar waƙa goma sha biyu a kaset, a wani ɗaki kamar naki, har bargon a taga. Ranar da na leƙa na ga kin rataya bargo, sai da na tuno ɗakin nan nasu. Da suka gama, abokin ya ce a ba shi kaset ɗin ya kai wa masu kamfani. Kaset ɗaya tal, babu kwafi."

"Bai dawo ba," in ji Yaya.

"Waƙoƙin ne suka dawo. A rediyo. Da muryar abokin, da sunan abokin, ko a gefe ba a ambaci ubanku ba. Ina da cikinka wata bakwai. Muna zaune aka sako ta farko. Ya tashi ya ɗauko jitar ya tafi shago, ya sa mata zarto."

"Ya ƙona ta?"

"Kafinta ya ƙona katako? Kana zaune a kanta."

Yaya ya zabura ya miƙe. Ya ɗaga 'yar kujerar ya juya ta. A ƙarƙashin mazaunin ga rabin da'irar rami nan, an toshe shi da wani katako daban, gefensa da ɗan zanen ado da ya dushe.

"A kanta ka koyi zama," in ji Umma. "A kanta Auta ta koya. Ranar da ya kawo ta gida magana ɗaya ya yi min, bai sake tada zancen ba shekara talatin da takwas. Ya ce: in har waƙata ta sake fita duniya, kyauta za ta fita. In ga yadda ɓarawo zai saci abin da aka riga aka ba kowa."

Auta ta dubi Baba. Ya ɗaga gira ɗaya, wadda ke motsi, kamar mai cewa to yanzu kin gane?

Ta ɗora kanta a hannun kujerarsa.

"Ashe gado na ci ban sani ba."

"Yauwa."

Yaya ya ajiye kujerar da hannu biyu kamar ƙwai. Ya ɗauko wayarsa yana latse-latse, yana ɓata fuska.

"Ke, zo nan. Ta ina ake sauke abin nan?"

"Manaja guda bai iya sauke waƙa ba?"

"Za ki nuna min ko sai na fasa?"

Ta nuna masa. Ya sauke duka taran, ya kwafi adireshin shafin, ya buɗe guruf ɗin ofishinsu mai mutum sittin da wani abu. Auta na leƙe ta kafaɗarsa yana rubutu da yatsa ɗaya.

Waƙar da kuke ji jiya a teburin akawu, mahaifina ne. Mai jitar kuma ƙanwata ce, a ɗakinta ta ɗauka. Kyauta ce. Wanda bai sauke ba kada ya gaishe ni ranar Litinin.

Ya tura.

"Sif ɗin nan naki," ya ce bai dube ta ba, "mutum biyu za su shiga?"

"Me za ka yi a ciki?"

"Amshi. Ko an ce miki ke kaɗai kika ci gadon?"

"Yaya, muryarka fa kamar ana jan tebur."

"Umma kin ji ta ko!"

Umma na dariya tana share ido da gefen mayafi. Rabon falon nan da irin wannan hayaniya tun kafin ciwo.

Sai Yaya ya tsagaita. Fuskarsa ta sake ɗaurewa.

"Umma, abokin nan. Wane ne? Yana raye?"

Dariyar ta ɗauke daga fuskar Umma kamar an kashe fitila.

"Bar wannan zancen."

"Ya za a yi in bar shi? Mutum ya cinye guminsa, ya..."

"Na ce ka bar shi, Babba."

"Salamu alaikum."

Daga ƙofar gida sallamar ta zo. Muryar dattijo ce, a shaƙe.

Auta ta miƙe ta je ta buɗe. Wani tsoho ne dogo, fari fat da furfura, sanye da kaya masu tsada da suka yi masa yawa. Hannu ɗaya sanda, ɗayan kuma ya ƙanƙame wata 'yar leda a ƙirji.

"Nan ne gidan kafinta mai waƙa?"

"Nan ne. Daga ina, Baba?"

"Daga nesa, 'yata. Jikata ce ta kunna min waƙarku shekaranjiya. Tun jiya nake bin shagunan kafintoci ɗaya bayan ɗaya har aka kwatanta min." Ya tsaya yana kallon fuskarta. "Ke ce mai jitar. Kamarku ɗaya da ita."

"Da wa?"

Ya bi ta gefenta ya tsaya a bakin labule. Ya zaro abin da ke cikin ledar.

Kaset ne. Tsoho, takardar jikinsa ta yi ja, da rubutun biro wanda Auta ta gane nan take. Rubutun Baba ne, irin wanda ke bayan kowace kujera a gidan.

Baba ya damƙe hannun kujerarsa. Bai buga ɗaya ba, bai buga biyu ba.

Yaya ya tako gaba, idonsa jajir.

"Kai ne? Kai ne abokin?"

Tsohon bai ko dube shi ba. Umma yake kallo. Ita kuwa ta miƙe tsaye, ta dafa bango, mayafinta ya zame ba ta sani ba.

"Ƙanwata," ya ce.

Auta ta juya.

"Umma? Ba ke kaɗai iyayenki suka haifa ba?"

Umma ba ta ɗauke ido daga kan tsohon ba. Da ta buɗe baki, muryarta a bushe take ƙamas.

"Ku gaida kawunku."